Kwalliyar Kaka: Abin Da Za Ki Ɗauka Daga Fim Da Abin Da Za Ki Bar Musu



Duk shekara da Oktoba ta kama sai ki ga hotuna sun cika Instagram da TikTok: mace cikin doguwar kwat ruwan ƙasa, mayafin ulu a wuya, takalmi har ƙwauri, tana taka busassun ganye. Ni ma abin ya taɓa ɗibata. Shekarar da na kalli Goblin na kwashi kuɗin adashena na shiga gwanjo, na sayo wata kwat mai nauyi kamar bargo, na saka ta zuwa kamun wata ƙawata a ƙarshen Oktoba. Wallahi kafin a shigo da amarya hodata ta narke, gumi ya jiƙa min atamfa har gadon baya. Da na dawo gida yayata ta kalle ni ta ce, "Ke da kika tafi biki, ya na gan ki kamar mai gadin dare?" Kwat ɗin tana cikin akwati har yau.

Shi ya sa na haɗa wannan bayanin, don kada wata ta yi asarar da na yi. Maganar a taƙaice ita ce: kalar kayansu za ta karɓe mu, nauyin kayan ne ba namu ba.

Kakarsu da tamu

A Turai, Amurka, Kanada da Koriya, kaka tana farawa wajen 22 ko 23 ga Satumba, ta ƙare wajen 21 ga Disamba. Rana tana gajarcewa, sanyi yana ƙaruwa kullum. Sinadarin da ke ba ganye launin kore sai ya ƙare, ganyen ya koma ruwan ɗorawa, ruwan goro ko ja, sannan ya zube. A birnin New York zafin rana a Oktoba bai cika kaiwa digiri 20 ba, kin ga dole mutum ya nemi kwat.

Mu kuwa kakarmu lokacin girbi ce, daga ɗaukewar ruwa a Oktoba zuwa Nuwamba. A Kano, Katsina ko Maraɗi rana tana haura digiri 30 sosai a wannan lokacin. Sai wajen ƙarshen Nuwamba iskar hunturu ke tasowa daga hamada da ƙurarta, a Disamba da Janairu kuma sanyin asuba ya sauka ƙasa da digiri 15. Ko a lokacin ma, da hantsi ya yi kin fara neman inuwa. To kayan da za ki saka dole su iya da abu uku: sanyin safe, zafin rana, da ƙura. 'Yan Jos dai ku naku daban ne, kwat ta halatta gare ku tun da wuri.

Inda muka samo sha'awar

Mohabbatein, 2000, fim ɗin Aditya Chopra. Wa zai manta busasshen ganyen nan mai yatsu, irin wanda ke jikin tutar Kanada, da Shah Rukh Khan da suwaita rataye a kafaɗa? An ɗauki ginin makarantar ne a Ingila.

Kabhi Alvida Naa Kehna, 2006, na Karan Johar. Labarin a New York yake, kuma Manish Malhotra ne ya shirya kayan. Ki lura da Rani Mukerji da Preity Zinta, yadda ake ɗora musu kwat da mayafin wuya a kan kaya marasa nauyi.

Goblin, 2016, na Koriya, da Gong Yoo da Kim Go-eun. Jan mayafin wuyan yarinyar ya zama kamar tambarin shirin, an kuma ɗauki wani ɓangare a birnin Quebec na Kanada cikin jajayen ganye.

A ɓangaren waƙa akwai Taylor Swift. Kundinta Red ya fito a 2012, ta sake fitar da shi a Nuwamban 2021, kuma waƙar All Too Well da ke ciki ta sa masoyanta suka mayar da mayafin wuya alamar kaka.

Ita kuma doguwar kwat mai ɗamara da kike gani a kusan duk waɗannan, asalinta kayan soja ce. Thomas Burberry ya ƙirƙiro yadinta mai hana ruwa shiga a 1879, hafsoshin Ingila suka saka ta a yaƙin duniya na farko, daga baya 'yan fim suka ɗauka. Wato don ruwa da sanyi aka yi ta. Ni kuma na kai ta kamu a Oktoba, Allah Ya shirye ni.

Kala

Nan ne muka fi kowa sa'a. Kalolin da suke kira na kaka, mu a gona muke ganinsu: jan zoɓo, ruwan ɓawon gyaɗa, busasshen karan gero, jar dawa, cikin kabewa. A bakin 'yan kasuwa kuma ki nemi ruwan ƙasa, ruwan goro, ruwan hanta, ruwan zuma, ruwan ɗorawa mai duhu, ruwan madara, da kore mai duhu.

Dokar da nake bi ita ce kada kala ta wuce uku a jiki. Ɗaya babba ta riga, ɗaya ta mayafi, ɗaya ƙarama ta jaka da takalmi. Idan atamfarki mai hayaniya ce, ki duba kalar da ta fi ƙanƙanta a cikin zanen, ita za ki nema wa mayafi. Ruwan goro da ruwan ɗorawa suna haska baƙar fata ƙwarai, ruwan hanta kuwa ban taɓa ganin wadda bai karɓa ba.

Kala biyu ne ke ba da wahala idan ƙura ta taso. Baƙi wuluk yana nuna ƙura tun kafin ki sauka daga adaidaita, fari tas kuma ya koma ruwan ƙasa kafin la'asar. Ki ajiye su don fitar dare ko ranar da za a kai ki a mota.

Yadi

Atamfa ta auduga ita ce uwa. Tana shan gumi da rana, tana ɗan tare sanyi da safe. Shadda ma haka, ga ta da kwarjini a wajen biki. Leshi mai manyan huji sai da shafi mai kyau a ciki, in ba haka ba iskar asuba za ta ratsa ki.

Karammiski ya fi kowane yadi kama da kaka a ido, amma yana da zafi kuma yana kwasar ƙura kamar tsintsiya. Ki bar shi sai dinar dare a Disamba, ko ki sa tela ya yi miki ado da shi a bakin hannu da wuya kawai.

Yadin roba mai santsi shi ne abin gudu. Da rana ya dafa ki, da iska ta bushe kuma ya dinga manne miki a ƙafa yana ƙas-ƙas. In za ki shiga Kantin Kwari, ki damƙi gefen yadin a hannu ki saki. Auduga takan ɗan yamutse, roba kuwa sai ta koma sumul kamar ba a taɓa ta ba. Wadda ke son abu na daban ta leƙa marinar Ƙofar Mata, shuɗin rini mai duhu yana tafiya da ruwan zuma fiye da yadda kike zato.

Riga kan riga

Wannan ce dabarar da ta fi komai amfani a kwalliyar kakarsu: a ɗora kaya marasa nauyi biyu ko uku, yadda in zafi ya zo za a cire na sama. Mu ma muna da abin yin haka.

Buɗaɗɗiyar abaya ita ce kwat ɗinmu. Ki ɗora ta kan doguwar riga mara ado, in kina so ki ja ɗamara siririya a kan rigar ciki, ga tsayi ga sutura. Kimono na atamfa ma yana yin wannan aikin, kuma yadi uku ya isa. Jaket ɗin jins a kan doguwar riga ya dace da 'yan makaranta masu lakcar safe. Suwaita mara kauri mai maɓalli a gaba ta fi wadda ake zurawa ta kai, don za ki cire ta ba tare da kin ɓata ɗaurinki ba.

Abu ɗaya dai: in na ciki mai faɗi ne, na sama ya zama mai sauka sak. Bubu da ƙatuwar suwaita a kai, sai ki koma kamar an naɗe katifa.

Mayafi da ɗankwali

Abin da jarumar Goblin ke yi da jan mayafinta, gyalenki zai yi. Ki samu guda ɗaya mai kala mai ƙarfi, ja ko ruwan goro, ki saka shi kan kaya masu sanyin kala, shi kenan ido ya samu wurin sauka.

A Oktoba da farkon Nuwamba shifon ya wadatar. Da sanyi ya shigo sai ki koma mai ɗan kauri irin pashmina, wanda zai rufe kunne da ƙirji. Masu hijabi ku nemi na auduga, ya fi sakin iska. Wadda ƙura ke tayar wa asma ko mura kuma kada kunya ta hana ta saka takunkumi, ki sayi wanda ya shiga da mayafinki kawai. Gashi ma yana bushewa yana karyewa a hunturu, don haka ki shafa mai, ki sa hula mai santsi kafin ɗankwali.

Takalmi da jaka

Dogon takalmin nan mai kaiwa gwiwa ki bar wa su Preity Zinta. Abin da muke buƙata shi ne rufaffe mara tudu, ko kambas, ko mai ɗan dunduniya wanda ya rufe yatsu. Dalili kuwa faso. Ba abin da ke kashe kwalliya kamar leshi mai tsada da dunduniya a tsattsage. In dole sai buɗaɗɗe, na fata ɗinkin Kano ruwan ƙasa ya fi na roba kyau da ƙarko. Ki guji fata mai laushin gashi-gashi, in ƙura ta shige ta sai dai haƙuri.

Jaka ki nemi mai zif, wadda za ki goge da tsumma ta dawo sabuwa. Ruwan ƙasa guda ɗaya za ta bi kusan duk kalolin da na lissafa. A Kasuwar Kurmi ana samun na fata aikin hannu. Ta ɗan yi girma kaɗan, yadda za ta ɗauki man leɓe, man hannu, hankici, da suwaitar da kika cire.

Sarƙa, ɗan kunne da sauransu

Kalolin kaka da ruwan gwal suke tafiya. Azurfa ta fi son shuɗi da ruwan toka. Murjani da duwatsu ruwan zuma ma suna zama daram a kan ruwan madara.

In mayafi ya rufe wuya, sarƙa ba ta da aiki, ki mayar da ƙarfinki kan zobe, agogo da awarwaro. In ɗauri kika yi kunne a waje, ɗan kunne babba ya isa shi kaɗai. Sarƙar da ba gwal ba kuma ki fesa turare ya bushe kafin ki saka ta, turare da gumi ne ke sa ta koɗe. Tabarau ma ya shiga lissafi, yana tare ƙura daga ido.

Fata, lalle da ƙamshi

Man kaɗanya bayan wanka tun jiki da ɗan danshi, a dunduniya kuma da dare sai ki sa safa. Hoda ki rage, don busasshiyar fuska tana sa ta tsattsage. Man leɓe kafin jambaki, jambakin kuma ruwan hanta ko ruwan ƙasa. Kwalli ba ya tsufa. Jan lalle a yatsu kuwa shi ne kalar kaka tun kafin a haifi masu Instagram. Humra da turaren wuta sun fi daɗin shaƙa in gari ya yi sanyi, amma da tsakar ranar Oktoba ki sassauta hannu saboda na kusa da ke.

Haɗi uku da na gwada

Na makaranta ko aiki: doguwar riga ruwan madara, buɗaɗɗiyar abaya ruwan ƙasa, gyale ruwan goro, kambas.

Na kamu ko wuni: riga da siket na atamfa mai kore da ruwan ɗorawa, ɗauri, mayafi kore mai duhu, ɗan kunne ruwan gwal, ƙaramar jaka.

Na dinar dare a Disamba: doguwar riga ruwan hanta mai adon karammiski a hannu, pashmina ruwan zuma, rufaffen takalmi mai tsini.

In tafiya ta kama ki

Wadda za ta Landan, Istanbul ko Toronto karatu ko ziyara tsakanin Oktoba da Disamba, to ke kam kwat ta zama dole, da safa mai kauri da lema. Ki tafi da guda ɗaya mai kyau daga nan, Ƙofar Wambai ba a rasa na gwanjo masu sauƙi. In kuma girmanmu ɗaya, tawa tana nan cikin akwati, sau ɗaya tak aka saka.

Kafin ki kashe ko sisi dai ki buɗe durowarki ki fito da duk abin da ke ruwan ƙasa, ja da ruwan goro. Na tabbata rabin kayan kakarki suna ciki, wataƙila gyale ɗaya kawai ya rage ki saya.

Allah Ya sa mu ga hunturu lafiya. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.