Asalin Tsara Mas'alolin Hisabi a Ɗab'i

Tun zamanin dā ma'abota ilmin hisabi suka saba ware kowace mas'ala da lambarta, domin almajiri ya san inda da'awa ta ƙare, inda kuma hujja ta fara. A wajen ɗab'i, wannan aiki ya daɗe a hannun masu jera haruffa a maɗaba'a, har shekarar 1978, sa'ad da Donald Knuth na Jami'ar Stanford, saboda takaicin munin ɗab'in littafinsa, ya fito da manhajar tsara rubutu don ɗab'i mai suna TeX. A bisa wannan harsashi Leslie Lamport ya gina LaTeX, inda marubuci kan ƙaga wa mas'alolinsa mazauni sau ɗaya, da suna da siffar harafi, lambobin kuwa su jeru da kansu. Lalle hidima ce babba ga malamai.