Yadda Aka Yi Ta Dusashe Kaifin Makamin Titan

A shekarar 2003 kamfanin CCP da ke birnin Reykjavik na ƙasar Aisland ya fito da EVE Online, wasan kwamfuta da dubban mutane ke shiga ta intanet su haɗu a sararin samaniya guda, suna haƙar ma'adinai, suna ciniki, suna gwabza yaƙi. A wasan nan, jirgin da aka fasa maka ya tafi ke nan, sai ka tara dukiya ka gina wani. Shi ya sa da kamfani ya taɓa ƙarfin wani makami sai ƙura ta tashi.

Makamin Titan na cikin waɗanda suka sha gyara sosai. A Disambar 2005 aka shigo da wannan ƙaton jirgi, wanda tsawonsa ya haura kilomita 10, ɗauke da makami mai suna Doomsday. Da an danna shi, ƙananan jiragen da ke cikin tazarar kilomita 250 sun zama toka, na maƙiyi da na aboki. Masuntan Yelwa za su gane abin da sauri, don aikinsa irin na tarun dala ne da aka haramta a tafkin Kainji, mai kwashe manyan kifi da 'ya'yansu a ja guda. Har ma mai jirgin ba ya buƙatar zuwa fagen fama. Sai ya tura ɗan ƙaramin jirgi ya kunna alama, shi kuma ya harbo daga inda yake a ɓoye.

Lissafin kamfanin shi ne tsada za ta hana Titan yawa. Da farko kamar haka ne, don sai a Satumbar 2006 ƙawancen 'yan wasa mai suna Ascendant Frontier ya gama gina na farko, aka raɗa masa suna Steve, kuma kafin shekarar ta ƙare ƙawancen Band of Brothers ya tarwatsa shi. Amma mutane dubu in suka haɗa aljihu, tsada ba ta tsayar da su.

A 2007 aka soke harbin nesa. Bai wadatar ba. Manyan ƙawance suka riƙa jera Titan da yawa suna harbi bi da bi, rundunar da ta kwana tana shiri ta ƙare kafin ta yi harbi ɗaya. Wa zai sake fitowa irin wannan yaƙi? A 2008 aka fara zaɓen majalisar wakilan 'yan wasa, masu zuwa har Aisland su kai koke, sannan a Disambar 2009 sabuntawar Dominion ta mayar da Doomsday makamin da ke auna jirgi ɗaya tak. Masu Titan suka koma tsintar ƙananan jirage masu muhimmanci ɗaya bayan ɗaya, har a 2011 aka hana auna shi a kan kowa sai manyan jirage.

Daga nan makamin ya juya kan masu shi. Ranar 27 ga Janairun 2014 rashin biyan kuɗin riƙe wani yanki mai suna B-R5RB ya jawo yaƙin awa 21, 'yan wasa sama da 7,500 suka shiga, aka fasa Titan 75, asarar da aka ƙiyasta kusan dala 300,000.

A 2016 kamfanin ya dawo da makamai masu ɓarna da faɗi, amma da sharaɗi: sai an saita hanya, kuma ana ganin alamar harbin kafin ya iso, mai hanzari na iya kaucewa. Jiragen kuwa ba su daina yawa ba. A ƙarshen Disambar 2020, a yaƙin M2-XFE, Titan 257 aka fasa.