Gidajen Zango a Kundayen Jami'a

'Yan uwa mazauna Alajo, Nima, Maamobi da sauran zangunan Ankara.

Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malamin zaure ya san ba a ɗaukar ilimi daga littafi kaɗai. Sai malami ya biya, almajiri ya maimaita, a gyara masa, kafin a ba shi izini. Haka jami'o'i ke yi wa mai neman digiri na biyu ko na uku: a haɗa shi da malami mai duba aikinsa, ya fita ya auna, ya tambaya, ya rubuta kundi, sannan ya kare shi gaban masu jarrabawa. Ta wannan hanya aka rubuta kaso mai yawa na tarihin gidajen Hausawa, don haka ya kamata mu san waɗanda suka rubuta namu.

Bari mu fara da ƙasar Hausa, inda tsarin gininmu ya samo asali. Friedrich Schwerdtfeger ya bi gidajen birnin Zariya yana awo, kuma a littafinsa na 1982 ya kwatanta su da na Ibadan da Marrakesh. Ya nuna cewa gidan Bahaushe yana girma yana raguwa tare da iyalinsa: a yi aure a ƙara ɗaki, a yi rasuwa ɗaki ya zama kango. Shi kuwa Hamman Tukur Sa'ad, a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Michigan ta Amurka a 1981, wajen magina ya je, ya ji daga bakinsu abin da suke kira kyakkyawan gini. Sana'arsu ce ta haifi Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19.

A nan Ankara, Nima ta kafu a shekarun 1930, bayan Malam Amadu Futa ya sami fili daga mutanen Ga na Osu. A tsakiyar shekarun 1960 wani ɗalibin Jami'ar Cambridge, Keith Hart, ya zauna a cikinta ƙarƙashin kulawar malaminsa Jack Goody, yana nazarin rayuwar Farafara da suka zo cin rani daga arewa. Maƙalarsa ta 1973 a kan sana'o'in da ba su cikin rajistar hukuma ta zagaya duniya, har manyan hukumomi suka ɗauki ra'ayin. A lungunanmu aka ɗebo wannan ilimi, amma mutum nawa a Nima suka taɓa jin labarinsa?

Wadda ta fi tsayawa a kan gidajen kansu ita ce Deborah Pellow ta Jami'ar Syracuse. Littafinta na 2002 ya yi bayani a kan masu gida da 'yan haya a Sabon Zango, unguwar da Malam Bako, ɗan Malam Nenu Bakatsine, ya kafa a farkon ƙarni na 20. Ta nuna yadda aka so gida ya kasance bisa tsarin Hausa: zaure a ƙofa inda maigida ke karɓar baƙi, cikin gida kuwa na mata, don kiyaye sutura. Da birni ya cika, magada suka yawaita, sai aka yi ta yanka tsakar gida ana fitar da ɗakunan haya, baƙo ya shiga inda a da ba ya wucewa. Wannan ba labarin bulo da kwano ba ne kawai. Labarin gado ne, da kunya, da maƙwabtaka.

Mafi yawan waɗannan rubuce-rubuce da Turanci suke, suna ajiye a ɗakunan karatu masu nisa, alhali gidajen da suka bayyana ana rushe su ana tayar da benaye. Dattawan da suka ga korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969, lokacin da gidaje da yawa suka sauya hannu, suna ta ƙarewa. Su ne suka san iyakokin filaye da tsoffin hanyoyin ruwa. Mu da ke zaune a gefen kogin Odaw mun san darajar wannan sani, domin ambaliya da gobarar 3 ga Yuni, 2015 sun ci rayuka sama da 150.

Saboda haka muna kira ga 'ya'yanmu da ke Legon da jami'ar Kwame Nkrumah ta Kumasi: idan lokacin zaɓen batun kundi ya zo, ku dubi zauren kakanku. Ku auna shi, ku zana shi, ku ɗauki muryar tsofaffin gidan kafin ƙasa ta rufe ido. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Duk baƙon mai bincike kuma, mu karɓe shi hannu biyu bisa sharaɗi uku: ya nemi izinin maigida, ya ambaci waɗanda suka ilimantar da shi idan sun yarda, ya kuma dawo mana da kwafin kundinsa tare da taƙaitawa da Hausa.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya albarkaci zuriya.