KWARJINI BA TSORO BA NE

 Ran nan a ajinmu na yaƙi da jahilci, a wani ƙauye kusa da Agye, na rubuta KWARJINI a kan allo. Wani dattijo ya haɗa baƙaƙen har ya karanta. Sai ya ce: "Malam, ai wannan tsoro ne." Wani kuma ya ce mamaki ne. Muka yi ta gardama har fitila ta kusa mutuwa. Shi ya sa na kawo maka zancen nan.

Mamaki shi ne ka ga abin da ba ka saba gani ba, ka riƙe baki. In abin ya wuce hankali, sai a ce al'ajabi. Tsoro kuwa shi ne ka ga kura ka ruga. Kwarjini dabam yake. Kana son ka matsa kusa da mutum, amma idonka ya kasa tsayawa cikin nasa. Ka shirya magana tun daga gida, da ka iso gabansa sai ta ɓace. Nan ne akan ce: "Ya yi mini kwarjini." Malamai sukan ce haiba, da Larabci.

Bari mu duba tarihinmu.

Gobirawan Tsibiri, cikin ƙasar Gidan Rumji, ba su manta da Bawa Jan Gwarzo ba. Sarkin Gobir ne a Alkalawa, mayaƙi, wanda sunansa kaɗai yakan sa gari ya yi tsit. Wajen shekarar 1788 ya tara malaman ƙasarsa a Magami ranar Babbar Salla, ya ba su kyauta. Cikinsu akwai Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, yana da shekara talatin da ƴan kai. Shehu ya ƙi karɓar dukiya. Ya roƙi abu biyar a madadinta. Daga ciki akwai a bar shi ya yi wa'azi, a saki ɗaurarru, a rage wa talakawa haraji. Bawa ya yarda. Ka gani? Ga mai dawaki da masu, ga mai alƙalami da allo. Kowanensu yana da kwarjini, kuma babban sarki bai ji kunyar ganin na malami ba.

Bayan jihadi, Katsinawan da suka bar birninsu a 1807 sun zo sun zauna Maraɗi tare da Ɗan Kasawa. Gobirawa kuma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka kafa Tsibiri tare da Sarki Mayaƙi. Sun rasa birane, sun rasa ganuwa. Amma jama'a ta bi su, don sarautar ba ta zube a idon mutane ba. Ashe kwarjini ba a ginin fada yake ba.

Yanzu ga wani labari. A 1899 wasu hafsoshin Faransa biyu, Vule da Shanwan, suka ratso ƙasar Hausa da bindigogi. Sun ƙone garuruwa, har da Birnin Ƙonni. Sun kashe mata da yara. Mutane suka yi ta gudu suna barin rumbuna cike. Labari ya kai Faransa, aka turo wani babban hafsa mai suna Kulob don ya tsai da su. Ran 14 ga Yuli 1899 Vule ya sa aka harbe shi a Dankori, cikin ƙasar Tasawa. Ba a yi kwana huɗu ba sojojinsu na kansu suka juya musu, suka kashe su duka biyu a wajen Maijirgi. Kaburburansu suna can. Mutanen Gazawa da Agye ba su da nisa da wurin.

To, waɗannan an ji tsoronsu ƙwarai. Amma ko akwai wanda ya girmama su? Tsoro yana ƙarewa ranar da aka daina ganin bindiga. Kwarjini kuwa yana nan ko mai shi ya kwanta dama.

Wannan magana ta shafe ka. Kai maigida ne, ko uwargida, ko shugaban ƙungiyar manoma. In ka shigo gida yara suka watse, kada ka ce kwarjini gare ka. Mai yiwuwa bulalarka suke gudu. In kuwa kana shigowa suka gyara zama, suka rage murya, sa'an nan suka kawo maka damuwarsu, to, ka samu. Ana samunsa da riƙon amana, da faɗin gaskiya, da kame baki. Ana zubar da shi da ƙarya, da roƙo, da cin kuɗin jama'a.

Dattijon nan namu, da muka tashi, ya ce mini: "Malam, na gane. Ubana ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, amma har ya rasu ban iya kallon ƙwayar idonsa ba."

Kai ma ɗauki alli ka rubuta kalmar. Sa'an nan ka tambayi tsofaffin garinku: wane ne aka yi mai kwarjini a nan, kuma me ya ba shi?