Gangara

gangara (suna, mace) 1. Wurin da ƙasa ta sauka daga tudu zuwa kwari: Mota ta ƙwace wa direba a gangara. 2. (Lissafi) Adadin da ke nuna yawan hawa ko saukar miƙaƙƙen layi duk lokacin da aka matsa taki ɗaya zuwa dama. Ana rubuta ta da harafin m. Idan lissafin layi ya zo a siffar y = mx + c, to m ce gangara, c kuma mahaɗa ce, wato inda layin ya ratsa layin y na tsaye.

Misali: 2x + 3y = 12. A sa x ta zama 0, sai a samu 3y = 12, y = 4; layin ya ratsa layin y a (0, 4). A sa y ta zama 0, sai x = 6; ya ratsa layin x na kwance a (6, 0). Daga wancan ɗigo zuwa wannan an sauka taki 4, an matsa dama taki 6, saboda haka gangara ita ce −4/6, wato −2/3. Alamar ragi na nufin layin sauka yake yi.

A kula: ɗalibai da yawa kan ɗauki 2 da ke jikin x su ce ita ce gangara. Kuskure ne babba. Sai an ware y ita kaɗai tukuna. Layin kwance gangararsa 0 ce. Layin tsaye, kamar x = 5, ba a iya fitar masa da gangara, domin ba a raba adadi da sifili.