Cikal, 1980: Tarihin Ginin da Ba Ya Cin Icce

Tun kaka da kakanni, maginan ƙasar Kurfai da laka suke tada bango, amma rufin ɗaki sai da icce. Ana jera azara ta giginya ko ta goriba, a shimfiɗa ƙirare, sannan a zuba ƙasa bisa. Ke nan kowane soro da aka rufe, akwai itatuwan da suka faɗi dominsa. Muddin dajin Dallol Boso yana da duhu, daga Balayara har Filinge, babu wanda ya ɗauki wannan a bakin komai.

Farin 1973 da 1974 shi ya sauya lissafi. Itatuwa suka bushe, jama'a kuma tana ƙaruwa, azara ta yi wuya ta yi tsada. Cikin wannan hali ne aka kafa shirin raya karkara na Tapis Vert a Cikal, kusa da Filinge. A 1980 shirin ya gayyato ƙungiyar masana gini ta Development Workshop, domin a gwada rufin da ba ya buƙatar icce ko kaɗan.

Dabarar tsohuwa ce a ƙasar Nuba, bakin kogin Nilu, kuma Hassan Fathy, masanin gini na Masar, ya farfaɗo da ita a shekarun 1940. Da tubalin ƙasa busasshen rana ake aikin. Magini yana jingina sahun farko a jikin bangon ƙarshe, a karkace, kowane sahu ya kwanta bisa na bayansa, har baka ta haɗe ba tare da madogari ba. Idan tulluwa ce, sai a kafa ma'auni a tsakiyar ɗaki, yana juyawa yana nuna mazaunin kowane tubali.

Sai dai Nuba ba ta san ruwan sama irin na damanar Sahel ba. Dole aka gyara siffar rufi don ruwa ya gangara da sauri, aka kula da indararo da yaɓe. Aka kuma dage da horar da maginan ƙauye, domin su ne za su ci gaba da aikin bayan baƙi sun tafi. Daga Cikal fasahar ta isa Iferwan a duwatsun Ayar, ta ƙetara Mali da Burkina Faso. A 1998 shirin gini ba icce ya samu lambar yabo ta World Habitat.

A yau jami'o'i da makarantun injiniyoyi suna neman gine-gine masu sanyi da ba sa cutar da muhalli. Tarihin Cikal yana tuna musu cewa a ƙauyen Kurfai aka fara wannan gwaji a Nijar, kuma abin da ya raya shi shi ne maginin da ya iya, ya koya wa ɗan'uwansa.