Tsofaffi da Sanyin Hunturu a Unguwar Kambarawa, Katsina: Nazari kan Gini, Kasko da Lokacin Asuba

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda iyalai masu ƙaramin ƙarfi a Kambarawa, ɗaya daga cikin unguwannin birnin Katsina, ke kare dattawansu daga sanyin hunturu. Ta dogara ga lura da fasalin gidaje da yanayin kwana, aka auna su da ƙa'idojin lafiya da aka wallafa. Matsayarta ita ce, kuɗin da ake zubawa wajen ɗumama ɗaki da gawayi zai fi amfani, kuma zai fi aminci, in an karkata shi ga shimfiɗa da sutura da ruwan alwala.

1. Gabatarwa

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar arewa maso gabas kan sauko daga Sahara, ɗauke da ƙurar da galibinta ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Iskar busasshiya ce ƙwarai, don haka zafin da ƙasa ta sha da rana yakan tsere da zarar dare ya yi. A Disamba da Janairu ma'aunin zafi a Katsina kan sauko ƙasa da digiri 15 gabanin asuba, alhali da rana yana iya kai wa kusan 30. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na gidaje da lafiya na shekarar 2018, ta sa digiri 18 a matsayin mafi ƙarancin ɗumin ɗaki a lokacin sanyi, ta kuma nuna cewa tsofaffi da masu jinya na iya buƙatar fiye da haka. An tsara wannan adadi ne da ƙasashen sanyi a zuciya, amma jikin tsoho ɗaya ne ko a ina. Ba ya saurin gane sanyi ya shige shi, ba ya karkarwar da za ta tayar masa da ɗumi kamar ta matashi, ga shi kuma sanyi na tsuke jijiyoyin jini, abin da ke ƙara wa mai hawan jini haɗari.

2. Ginin ƙasa da ginin bulo

Gidajen asali na cikin birni na tubali ne da soron azara. Katangar ƙasa mai kauri tana shan zafin rana a hankali, ta riƙa sakinsa cikin dare, shi ya sa mai kwana a soro bai cika jin jaurar asuba sosai ba. A yau, a lungunan Kambarawa, ɗakunan bulo da kwano suna ta maye gurbin waɗannan. Dalilan a fili suke: ginin ƙasa na son yaɓe kowace shekara, damina na rusa shi, magina na gargajiya kuma sun yi ƙaranci. Sai dai kwano ba ya riƙe komai. Da rana ya gasa mutum, da dare ya huce tun kafin a yi nisa da barci, musamman inda ba a sa silin ba.

Wani abin lura shi ne, sau da yawa ɗakin da aka fara gyarawa na tsohuwar gida ne, domin 'ya'ya suna son su kyautata mata. A zuba daɓen siminti, a buga kwano, ita kuwa ta ce gado na sa ta ciwon baya, a mayar mata da tabarmarta ƙasa. Simintin nan yakan kwana yana zuƙe ɗumin jikinta. Da safe a ce sanyin ƙashi ne ya motsa.

3. Kasko

Maganin da kowa ya sani shi ne a ɗebo garwashi a kasko ko kurfoti, a shigar ɗaki, a rufe ƙofa, a toshe taga da tsumma saboda ƙura. Nan matsalar take. Gawayin da ke ci a wurin da iska ba ta wadata ba yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana manne wa jini fiye da iskar numfashi sau ɗari biyu ko fiye. Alamominta na farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da nauyin barci, waɗanda duka ana iya ɗora su kan mura ko tsufa. Mutane sun yarda cewa in gawayi ya ruru ya daina hayaƙi to ya zama lafiya. Wannan kuskure ne, domin jan garwashi ma yana ci gaba da fitar da ita. Ga kuma gobara: gefen bargo ko gidan sauro ya taɓa kasko, mai ɗakin kuwa ba ta iya zabura.

Ɗumama makwanci da wuta tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. Binciken Davidson da Parry a Zariya cikin shekarun 1970 ya danganta ciwon zuciyar masu jego da wankan jego, da kunun kanwa, da kwanciya kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi. Darasin ya shafi tsofaffi ma: zafi mai tsanani kan wahalar da zuciyar da ta riga ta gaji.

Me ya hana a koma wa wata hanya? Tun cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin sufuri ya tashi, ya ja farashin gas da kananzir da itace. Rashin tsaro a yankunan Batsari, Safana da Jibiya ya sa shiga daji neman itace ya zama kasada. Hita ta lantarki kuwa tana son wutar da za ta kwana, ga kuma kuɗin biya. Gwamnatin Birtaniya ta fara ba tsofaffi tallafin kuɗin ɗumama gida tun 1997. A nan nauyin yana kan 'ya'ya da maƙwabta, saboda haka dole shawara ta tsaya a kan abin da aljihunsu zai ɗauka.

4. Shimfiɗa, sutura da ruwan alwala

Abu na farko shi ne raba jiki da ƙasa. Gadon katako ko na ƙarfe ya fi, in kuwa an ƙi, a shimfiɗa kwali ninki biyu ko uku ƙarƙashin tabarma ko katifa. Riguna marasa kauri guda biyu ko uku sun fi babba guda ɗaya riƙe ɗumi, saboda iskar da ke maƙalewa a tsakaninsu. Hular sanyi da safa na gwanjo ba su kai kuɗin gawayin 'yan kwanaki ba, kuma sukan ga hunturu fiye da ɗaya. Luru da gwado, waɗanda masaƙanmu suka daɗe suna saƙawa, har yanzu suna aiki inda aka same su. Idan dole sai an sa kasko, a hura shi a tsakar gida, a ɗumama ɗakin taga a buɗe, a fitar da shi kafin a kwanta.

Lokacin da ya fi haɗari shi ne asuba, sa'ad da sanyi ya kai maƙura, kuma daidai lokacin ne dattijo ke fitowa daga bargo, ya ɗauki butar da ta kwana a waje, ya yi alwala, ya kama hanyar masallaci. Dattawan Kambarawa ba za su bar jam'i don sanyi ba, kuma bai dace a nemi haka gare su ba. Abin da ya rage shi ne a tafasa ruwa a wutar tuwon dare, a zuba a filas, a aje kusa da shimfiɗa don a surka da shi. Ba a ƙara ko itace ɗaya ba. Ga majinyacin da ruwa zai iya cutarwa, fiƙihun Malikiyya da ake bi a garin ya halatta taimama, kuma limamai sun fi ma'aikatan lafiya damar faɗin wannan a ji. Kunu ko koko mai ɗumi bayan salla na taimakawa, amma a rage kanwa ga mai hawan jini.

Masu rabon barguna na sadaka sukan motsa ne a Janairu, bayan sanyi ya riga ya kwantar da mutane. Kamata ya yi masu unguwa da kwamitocin masallatai su fitar da sunayen tsofaffin da ke kwana su kaɗai, da masu kwana a zaure, tun cikin Oktoba, a yi rabon a farkon Nuwamba, a haɗa da filas da safa.